Yau ce a hannunmu, gida ne farko: tambayoyi da amsoshi ga iyalan Kirista a arewacin Kamaru

Waɗannan tambayoyi ne da ake yawan kawo wa dattawan ikilisiya bayan an tashi sujada, a Garwa da Marwa da Ngaundare, har da na 'yan'uwanmu da suka tsallako daga Najeriya. Na tattara su wuri guda, na amsa gwargwadon abin da Allah ya fahimtar da ni. Ayoyin da na ambata ma'anarsu na faɗa da bakina, don haka kowa ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta da idonsa.

Baba, ana cewa Kirista ya zauna a cikin yau. Ai begenmu yana gaba ne, me ya haɗa mu da yau?

Begenmu yana gaba, gaskiya ne, ɗana. Amma biyayya a yau ake yin ta. Ubangiji Yesu da kansa ya ce kada mu damu da gobe, domin gobe za ta zo da nata, wahalar kowace rana ta ishe ta (Matiyu 6:34). Da ya koya mana addu'a ma, abincin yau ya ce mu roƙa. A jeji, Isra'ilawa na rana ɗaya aka ce su riƙa tara manna, waɗanda suka ɓoye saura kuwa suka wayi gari ta yi tsutsa tana wari (Fitowa 16).

Abu biyu ne ke ƙwace wa mutum ranarsa. Wani jiya ce ta riƙe shi: gonar da aka cinye masa, maganar da surukarsa ta faɗa shekarun baya, zunubin da Allah ya riga ya gafarta amma shi bai saki ba. Wani kuma gobe ce ta tafi da shi: sai na gama gini, sai na sayi babur na biyu, sai yaran sun gama makaranta, sannan zan zauna da iyalina. Kafin ya waiwaya, yaron da ke rarrafe ya fara gemu, ya saba da gidan da babu uba a ciki. Zama cikin yau shi ne ka tambayi kanka da safe abin da Allah ya ɗora maka tsakanin fitowar rana da faɗuwarta, kuma mutanen farko da za ka gani in ka buɗe ido su ne na cikin gidanka.

To ke nan kada mu yi tanadi?

A'a, ko kaɗan. Yusufu ya tara hatsi shekara bakwai a Masar, ya ceci ƙasa da gidan ubansa (Farawa 41). Karin Magana 6 ta tura rago wajen tururuwa ya koyi tanadi. Mu da damina ɗaya muke da ita a shekara mun fi kowa sanin haka. Wanda bai cika rumbu da kaka ba, a watan Agusta zai gane kurensa. Manomin da ke dasa muskuwari, wato dawar rani, a ƙasar laka da ake kira karal bayan ruwa ya ɗauke, shiri yake yi. Matar da ke zuba adashi tun Janairu don kuɗin makarantar Satumba ita ma shiri take yi, kuma Allah yana jin daɗin hakan.

Bambancin shi ne, mai shiri yakan yi abin da zai iya, ya ce in Ubangiji ya yarda (Yakubu 4:15), ya kwanta ya yi barci. Mai damuwa kuwa yana kwance idonsa biyu, lissafi yake yi, yaro ya yi masa magana ya daka masa tsawa.

Dattijo, sa iyali a gaba bai saɓa wa sa Allah a gaba ba? Ai Yesu ya ce wanda bai ƙi uwa da uba ba, ba zai zama almajirinsa ba.

Wannan aya ta Luka 14:26 an sha jan ta zuwa inda ba ta nufa ba. Matiyu 10:37 ya fayyace ta: wanda ya fi ƙaunar uba ko uwa a kan Almasihu, shi ake nufi. Idan dangi suka ce ka zaɓa, ko su ko Yesu, to Yesu za ka zaɓa, kuma a nan yankin akwai waɗanda suka biya wannan farashi da hawaye. Amma ayar ba ta ba kowa izinin barin 'ya'yansa da yunwa da sunan aikin Allah ba.

Duba yadda Yesu ya tsawata wa Farisiyawa a Markus 7. Sun koya wa mutane cewa in mutum ya ce abin da zai taimaki iyayensa da shi ya riga ya keɓe wa Allah, shi ke nan ya fita hakkinsu. Yesu ya ce da wannan al'ada sun soke maganar Allah. Bulus kuma ya rubuta wa Timoti cewa wanda bai kula da danginsa ba, tun ba mutanen gidansa ba, ya musanta bangaskiya, ya ma fi marar ba da gaskiya muni (1 Timoti 5:8). Magana mai nauyi ke nan, kuma ban cika jin ana wa'azi a kanta ba. Yesu yana kan gicciye, cikin azaba, sai da ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajirin da yake ƙauna (Yahaya 19:26-27).

Saboda haka Allah ne na farko, babu ja. Sai dai wurin farko da ya aike ka ka yi masa hidima shi ne gidanka. Hausawa sun ce sai gida ya ƙoshi ake kai wa dawa.

Baba, mijina kullum yana coci. Ina jin kunyar yin ƙorafi, kada a ce ina hana shi aikin Ubangiji.

'Yata, kada ki ji kunya. Abin da kike nema hakkinki ne da na 'ya'yanki.

Na san irin makon da kike nufi. Litinin taron kwamiti, Talata koyon waƙa, Laraba addu'ar tsakiyar mako, Alhamis ziyarar marasa lafiya, Juma'a kwanan addu'a, Asabar shirin sujada ko jana'iza ko ɗaurin aure, Lahadi kuma tun safe sai la'asar. Tuwonsa yana rufe a kwano har ya sandare. Ƙaramin yaron ya yi ta gyangyaɗi a kan tabarma da littafin makaranta a hannu, yana so ya nuna wa babansa makin da ya ci, har barci ya kwashe shi. A coci ana yabon mutumin, a gida kuwa baƙo ne.

Bulus ya ce mai kula da ikilisiya dole ya zama mai iya riƙe gidansa, domin wanda ya kasa da gidansa yaya zai iya da ikilisiyar Allah (1 Timoti 3:4-5). Gida ne jarrabawar farko, kujerar dattijo tana biye. Ki samu lokacin da ya ci ya huta, ba a gaban yara ba, ki faɗa masa a fili: Maigida, muna kewarka, muna roƙon dare biyu a mako su zama namu. Ki faɗi abin da kike so dalla-dalla, kada ki tsaya ga zargi. In bai ji ba, ku je tare wurin fasto ko wani dattijo da matarsa waɗanda yake ganin girmansu.

Mu shugabanni ma maganar ta shafe mu. Mutum ɗaya mai himma sai mu ɗora masa kwamiti huɗu don ba ya cewa a'a. Mu riƙa tambayar matarsa kafin mu ƙara masa kaya. Haka kuma matan da zumuntar mata da ƙungiyar mawaƙa suka cinye musu mako, su ma su duba.

Aikina a Duwala yake, iyalina suna Marwa. Ina turo kuɗi kowane wata. Bai isa ba?

Allah ya sa albarka a guminka, ɗan'uwa. Da yawa daga cikin 'ya'yanmu haka suke: gadi a Yawunde, aikin gona a kudu, tuƙin manyan motoci zuwa Kusiri da Njamena, aikin soja ko koyarwa inda gwamnati ta tura su. Ba wanda zai zarge ka don ka fita nema. Amma Orange Money kuɗi kawai take kaiwa, ba ta kai muryar uba.

Ka sa rana da lokacin kira, ka riƙe su kamar yadda kake riƙe lokacin aiki. In ka kira, kada ya zama lissafin kuɗi kaɗai. A ba kowane yaro wayar, ka kira sunansa, ka san sunan malaminsa da abokinsa, ku yi gajeriyar addu'a kafin a kashe. Kuɗin jirgin ƙasa daga Yawunde zuwa Ngaundare da na mota zuwa gida ka sa shi cikin kasafinka tun farkon shekara, kada ya zama sai in an samu rara. Sannan ku zauna da matarka ku yanke: wannan rabuwa har yaushe? Ko su biyo ka, ko ka dawo in an cim ma abin da aka fita nema. Zaman nesa da ba shi da wa'adi ya kashe aure da yawa, kuma jaraba ba ta jin kunyar mai zuwa coci.

Idan kuɗin hannuna ba zai ishi baiko da maganin yaro ba, wanne zan fara?

Ka kai yaron asibiti. Allah ba ya karɓar baikon da aka cire daga bakin marar lafiya. An ce kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa, ba da tilas ba (2 Korintiyawa 9:7), kuma ana karɓa bisa ga abin da mutum yake da shi (8:12). Ba ina cewa a daina bayarwa ba ne. Gidan da ya saba ware na Allah tun da kaka ko ranar albashi, miji da mata sun sani, yara suna gani, gida ne mai albarka. Abin da nake ƙi shi ne a tsorata talaka. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗin makarantar 'yarka ka shuka a hannunsa don Allah ya ninka maka, ko ya sayar maka da mai ko ruwa ya ce ka bar maganin likita, ka tashi daga gabansa. Zazzaɓin cizon sauro ba ya jiran a gama kwanan addu'a. A yi addu'a a kan hanyar asibiti.

Yaya za mu fara addu'ar iyali? Mun gwada sau da yawa muna bari.

Yawanci tsawo ne ke kashe ta. Uba ya mai da ita wa'azin awa guda, yara suna hamma. Minti goma sun isa. Bayan tuwon dare, kafin a watse, a yi waƙa ɗaya da kowa ya sani, yaro mai iya karatu ya karanta 'yan ayoyi, a tambayi kowa abin da ya gode wa Allah a kai yau da abin da ke damunsa, mutum ɗaya ko biyu su yi addu'a. Shi ke nan. In an tsallake kwana uku, a ci gaba a na huɗu ba tare da neman mai laifi ba.

A yi ta da harshen da ake hira da shi a gidan. Cikakken Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, akwai na Fulatanci, akwai na Faransanci da yaran makaranta suka fi sabawa da shi. In kaka Mafa ko Tupuri ko Mundang kaɗai take ji sosai, a bar ta ta yi addu'arta da harshenta, jikoki su ji. Maimaitawar Shari'a 6:7 ta ce a koya wa yara maganar Allah a zaune a gida, da tafiya a hanya, da kwanciya, da tashi. Ba a ce a bar wa malamin makarantar Lahadi ba.

Waya fa? Ta raba mu muna zaune a tsakar gida ɗaya.

A ajiye ta lokacin cin abinci da lokacin addu'a, uba ya fara ajiye tasa. Yaro ba zai bar TikTok ba muddin yana ganin babansa a WhatsApp da loma a hannu.

Su wane ne iyalin da za a sa a gaba? Iyayena da ƙannena a ƙauye su ma suna jirana.

A nan ne abin yake da wuya, domin mu ba mu san iyali na mutum huɗu kawai ba. Littafi ya faɗi abu biyu, kuma duka biyun suna tsaye: ka girmama mahaifinka da mahaifiyarka (Fitowa 20:12), sannan mutum zai bar uba da uwa ya manne wa matarsa su zama jiki ɗaya (Farawa 2:24). Ba za ka bar tsohuwarka da yunwa ba. Ba za ka kuma bar ta ta mulki ɗakin matarka ba.

Abin da na ga yana kawo zaman lafiya shi ne a daina ɓoye-ɓoye. Miji da mata su zauna su yanke abin da za a riƙa aika wa iyayen kowane ɓangare, nata iyayen ma iyaye ne. In za a kawo ɗan ƙani ya zauna don makaranta, a nemi yardar wadda za ta dafa masa, kada ta gan shi da jaka a ƙofa kawai. In ya zo kuwa, a riƙe shi ɗa, kada ya zama bawan gida. Ƙanin da ke da ƙarfi amma ya ƙi aiki, taimakonsa shi ne a nema masa sana'a. Bulus ya ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci (2 Tasalonikawa 3:10).

An ɗaura mana aure a coci, an biya sadaki. Dole ne sai mun je ofishin magajin gari?

Ku je, kada ku ƙara jinkiri. A dokar Kamaru auren da aka rubuta a gaban jami'in rajista shi hukuma ta sani. A wurin ne ake tambaya ko auren mace ɗaya ne ko na mata da yawa, a rubuta a takarda. Kirista ya faɗi mace ɗaya da bakinsa a gaban matarsa. Ranar da miji ya faɗi, dangi suka zo kwasar kaya, takardar nan ce za ta tsaya wa gwauruwa da marayu.

Haka takardar haihuwa. Da an haihu a yi ta, tun abin yana da sauƙi. In aka bari lokaci ya wuce sai an bi ta kotu, ga kuɗi ga wahala. Yara nawa ne a ƙauyukanmu suka kai aji na ƙarshe a firamare, aka zo rubuta sunayen masu jarrabawar CEP ta kammala firamare, aka ce ba su da takarda? 'Yan mata abin ya fi shafa, daga nan sai a fara maganar aure. Kundin hukunta laifuka na 2016 ya hana aurar da wanda bai kai shekara 18 ba, mu kuwa bai kamata sai doka ta hana mu ba.

Baba, mu 'yan gudun hijira ne. Zuciyarmu tana gida, jikinmu yana Minawawo. Yaya za mu zauna cikin yau?

Sannunku, 'yan'uwa. Ba zan yi muku maganar da ta fi bakina ba, domin kun ga abin da ban gani ba. Tun 2013 aka buɗe sansanin nan kusa da Mokolo, yaran da aka haifa a shekarun farko yanzu sun zama samari da 'yan mata, ba su taɓa ganin duwatsun Gwoza da kuke ba su labari ba. Haka 'yan ƙasa da rikicin Boko Haram ya kora daga ƙauyukan bakin iyaka, da waɗanda ambaliyar 2024 ta rushe wa gidaje a wajen Yagwa.

Ku karanta Irmiya 28 da 29 tare. An kwashe mutanen Yahuza zuwa Babila. Wani annabi, Hananiya, ya faɗa a Urushalima cewa cikin shekara biyu komai zai dawo. Maganar ta yi daɗin ji, amma ƙarya ce. Irmiya ya aika wa waɗanda ke Babila da wasiƙa cewa shekara saba'in ne, don haka su gina gidaje su zauna, su dasa gonaki su ci amfaninsu, su yi aure su aurar, su nemi lafiyar garin da aka kai su, su yi masa addu'a. A cikin wasiƙar nan ce Allah ya ce yana da shirin alheri a kansu. Alkawarin komawa yana nan, umarnin dasa itace ma yana nan, ɗaya bai soke ɗaya ba.

Itatuwan da aka dasa a sansanin yau ana zama a inuwarsu. Ku sa yaran a makaranta ko da kuna sa ran tafiya baɗi. Ku koya musu waƙoƙin cocinku na gida da harshen kakanninsu. Wanda abin da ya gani yake hana shi barci, ko yake sa shi dukan matarsa, ya faɗa wa fasto ko ma'aikacin lafiya, wannan ba raunin bangaskiya ba ne. Mu ikilisiyoyin gari kuma, zumunci a ƙafa yake.

A gidanmu akwai Musulmi, akwai masu bin addinin gargajiya. Yaya zan yi da su?

Danginka ne, kuma hakkin zumunci bai faɗi ba don addini ya bambanta. Ka je suna, ka je gaisuwar mutuwa, ka yi musu barka da Sallah, ka kai musu abincin Kirsimeti. Abin da ya saɓa wa bangaskiyarka, kamar yanka ga kakanni, ka janye da ladabi ba da zagi ba. Romawa 12:18 ta ce iyakar iyawarku ku zauna lafiya da kowa. Wadda ta ba da gaskiya mijinta bai bayar ba, in ya yarda su zauna, kada ta rabu da shi (1 Korintiyawa 7:13).

Muna da abin koyi a ƙasar nan. Fada Simon Mpeke, wanda aka fi sani da Baba Simon, ya baro kudu a 1959 ya zo arewa, ya zauna a Tokombere cikin mutanen duwatsu, yana yawo ba takalmi. Ya girmama dattawan gargajiya, ya yi abota da Musulmi, bai kuma ɓoye Almasihu ba. Ya rasu a 1975, har yau ana kiransa Baba.

Shekara da shekaru ba mu samu haihuwa ba. Dangi suna matsa mini in ƙara aure.

Kai da matarka iyali ne cikakke tun ranar da kuka yi alkawari, ɗana. Ku je asibiti ku biyu, domin matsalar tana iya zama daga kowane ɓangare, kada a bar mace ita kaɗai da ɗaukar zargi. In dangi sun zo da magana, kai za ka amsa musu, kada ka bar ta a bakinsu. Ka tuna yadda Elkana ya lallashi Hannatu tana kuka (1 Sama'ila 1:8). Ku ci gaba da roƙo, ku kuma duba marayun da ke cikin dangi da ikilisiya, in zuciyarku ku biyu ta kwanta da riƙonsu.

Baba, ni na riga na makara. Kuɗin audugata a rumfar giyar bilbil suka ƙare, yaran sun girma ba sa ko kirana.

Tun da ka iya faɗar haka da bakinka, Ruhu yana aiki a cikinka. Shekarun da suka wuce ba za su dawo ba, kada in ruɗe ka. Amma Makoki 3:22-23 ta ce jinƙan Ubangiji sabo ne kowace safiya, kuma Zakka rana ɗaya ya tashi ya fara mayar da abin da ya ƙwace (Luka 19).

Ka fara da uwar 'ya'yan. Ka roƙi gafararta ba tare da kawo dalilai ba. Sannan yaran, ɗaya bayan ɗaya, kai za ka kira, kai za ka je. Wani zai karɓe ka nan take, wani zai yi shekara bai sake ba, kada ka tilasta masa, kada kuma ka turo fasto ya matsa masa. Ranar da kamfanin Sodecoton zai biya kuɗin auduga, ku tafi da matarka ko wani dattijo da ka amince da shi, a sayi hatsi a biya bashi kafin ka bi ta kasuwa. Ka canja hanyar da kake bi da yamma. In jikinka yana rawa duk ranar da ba ka sha ba, kada ka daina sha kai kaɗai a ɗaka, ka je asibiti a taimake ka, domin yankewa farat ɗaya tana iya zama haɗari ga wanda ya daɗe yana sha.